Haske da Caji: Yadda Ruwan Argon da Zenon Suka Zama Idon Masana Kimiyya

A shekarar 1956, a Jami'ar Michigan da ke Amurka, wasu masana fiziks su uku suka cika wata 'yar tukunya mai tagar gilashi da ruwan zenon, suka zuba ido, amma ba su ga abin da suke jira ba. Jagoransu Donald Glaser shi ne ya ƙirƙiro irin wannan na'ura shekara huɗu kafin nan. Dabararsa ita ce a danne ruwa da matsi alhali zafinsa ya kai na tafasa, sannan a sassauta matsin farat ɗaya. Idan wata ƙwaya mai caji, wadda ba ta kai ko zarra girma ba, ta ratsa ruwan a daidai wannan lokaci, sai ƙananan kumfa su jeru a kan hanyar da ta bi, a ɗauki hotonsu. An gwada da ruwa iri-iri, abin ya yi. Zenon kuwa, wanda aka fi sa wa rai saboda nauyinsa, ya ƙi nuna sawun komai.

Ana cikin haka sai labari ya iso musu cewa iskar zenon tana ƙyalli idan tururin nukiliya ya buge ta. Nan zarginsu ya koma kan haske. Makamashin da ya kamata ya zama zafi ya tayar da kumfa, ashe sulalewa yake yi ya fice a matsayin hasken da ido ba ya gani. Suka zuba sinadarin etilin kashi biyu cikin ɗari, wanda ke tare wannan makamashi ya mayar da shi zafi, sai ga sawu ya fito raɗau. Glaser ya karɓi kyautar Nobel a 1960, ɗaya daga cikin abokan aikin nasa, Martin Perl, shi ma ya samu tasa a 1995.

A wancan zamani hasken cikas ne, an kashe shi an ci gaba da aiki. Bayan rabin ƙarni, manyan na'urorin da aka binne a ƙarƙashin duwatsun Italiya da Amurka da Sin duk a kan wannan haske suka dogara, tare da cajin lantarkin da ke fitowa lokaci guda da shi. An daɗe ana auna ɗaya ana watsi da ɗaya kafin a gane cewa sai an haɗa su lissafi yake cika.

Daga iskar da ake shaƙa

Asalin labarin yana komawa ga wani ɗan saɓani a kan ma'auni. A farkon shekarun 1890, Lord Rayleigh na Ingila ya lura cewa naitirojin ɗin da ya tace daga iska ya fi wanda ya haɗa da sinadarai nauyi da kimanin kashi ɗaya cikin 200. Wani zai ce kuskuren sikeli ne ya wuce, shi bai wuce ba. Shi da William Ramsay na Landan suka bi diddigi, a 1894 suka sanar da samun argon, iskar da ta kai kusan kashi ɗaya cikin ɗari na abin da kowa ke shaƙa amma ba wanda ya san da ita, domin ba ta haɗuwa da kowane sinadari balle ta nuna kanta. A 1898 Ramsay da Morris Travers suka samu injin mayar da iska ruwa, suka riƙa tafasa ta a hankali suna duba abin da ya rage. Cikin 'yan makonni suka ciro kiripton da niyon da zenon. Wannan na ƙarshe shi ne mafi ƙaranci: zarra ɗaya cikin kusan miliyan goma sha ɗaya da rabi na iska.

Argon yana zama ruwa a digiri 186 ƙasa da sifili, zenon kuma a 108. Litar ruwan argon ta kai kilo 1.4, ta zenon kuwa kusan kilo uku. Wannan nauyi shi ne abin da ya ja hankalin masu farautar ƙwayoyi. Na'urorin farko na gano tururin nukiliya, irin na Geiger, iska ce a cikinsu, kuma ƙwayoyi da yawa suna ratsa iska ba su taɓa komai ba. Ruwa ya fi iskarsa cunkoso sau ɗaruruwa, don haka damar karo ta fi yawa.

Tambayar ita ce ko ilektron zai iya tafiya a cikin ruwa. A yawancin ruwaye, da zarar an fizge ilektron daga zarrarsa sai wani sinadari ya cafke shi. A 1948 aka samu amsa daga wurare biyu: Norman Davidson da A. E. Larsh a Kalifoniya, da G. W. Hutchinson a Ingila, suka ga cewa a ruwan argon ilektron yana zama sakakke, yana bin jan lantarki da sauri har a ga bugunsa a kan waya. Ƙin cuɗanyar da ya ɓoye argon shekara da shekaru shi ne ya sa ba ya riƙe ilektron ɗin da ba nasa ba.

Abin da ke faruwa a cikin ruwan

Idan ƙwaya mai gudu ta kutsa ruwan, tana barin zarra iri biyu a bayanta. Akwai waɗanda ta tunzura kawai, ilektron ɗinsu ya ɗaga bai fita ba. Akwai kuma waɗanda ta raba da ilektron gaba ɗaya. Zarrar da aka tunzura takan manne da maƙwabciyarta na ɗan lokaci ƙanƙani, abin da ba ta taɓa yi idan tana cikin natsuwa, sannan su rabu su saki ƙwayar haske guda. Da yake tagwayen ne suka fitar da hasken, zarra tilo ba ta iya shanye shi, shi ya sa yake ratsa ruwan ya kai bango. Tsawon zangonsa nanomita 128 ne a argon, kimanin 175 a zenon, can nesa da iyakar abin da idon mutum ke kamawa.

Su kuma ilektron ɗin da aka fizge, hanya biyu ce a gabansu. In ba a sa jan lantarki ba, yawancinsu sukan koma wurin zarrar da ta rasa nata, daga nan a sake samun tagwayen nan, a sake samun haske iri ɗaya. In an sa jan lantarki mai ƙarfi, sai a janye su kafin su koma, a tara su a kan waya a matsayin caji. Abin kamar gado ne da aka raba wa 'yan'uwa biyu: duk abin da ya ragu a kason wannan, yana can a kason wancan. Kowane ilektron da ya koma gida ya rage caji ya ƙara haske.

Masanan Japan ne suka yi wahalar auna waɗannan abubuwa dalla-dalla a shekarun 1970 da farkon 1980, musamman rukunin Tadayoshi Doke a Jami'ar Waseda da na Shinzou Kubota a Jami'ar Rikkyo, duka a Tokyo. Su suka tabbatar da cewa fizge ilektron ɗaya yana cin makamashi ilektron-bolt 23.6 a ruwan argon, 15.6 a ruwan zenon, wato ƙwayar da ta zubar da ilektron-bolt miliyan ɗaya za ta saki ilektron kusan 42,000 a argon, 64,000 a zenon. Sun kuma nuna cewa tagwayen iri biyu ne, masu saurin rabuwa da masu jinkiri. A argon na farko sukan ɗauki kimanin kashi bakwai cikin biliyan na daƙiƙa, na biyu kuma sun fi haka daɗewa sau ɗari biyu da wani abu. A 1983 Akira Hitachi da abokansa suka nuna cewa rabon masu sauri da masu jinkiri yana sauyawa gwargwadon irin ƙwayar da ta wuce. A lokacin 'yan ƙalilan ne suka damu da wannan sakamako.

Hasken ya samu wata kasuwa ta daban. A 1970, a Cibiyar Lebedev ta Mosko, Nikolai Basov da mutanensa suka harba ilektron a kan ruwan zenon suka samu lesa ta farko mai aiki da irin waɗannan tagwaye. Zuriyarta ce ake gyaran ido da ita a yau, ake kuma zana ƙananan layukan da ke cikin ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta.

Zamanin caji

Masu binciken ƙwayoyi a manyan injinan karo caji suka fi so. A 1968, shekarar da ya karɓi Nobel, Luis Alvarez na Berkeley ya ba da shawarar a yi amfani da irin waɗannan ruwaye wajen gano daidai inda ƙwaya ta bi. A 1974 William Willis da Veljko Radeka suka jera farantan ƙarfe a cikin ruwan argon, suka nuna cewa cajin da aka tara tsakanin farantan yana ba da ma'aunin makamashin ƙwaya mai inganci, kuma tururi ba ya lalata ruwan komai daɗewar aiki. Dabarar ta bazu. Na'urar ATLAS da ke cibiyar CERN a kan iyakar Faransa da Siwizalan tana da irin wannan ma'auni, da farantan dalma masu lanƙwasa-lanƙwasa waɗanda Daniel Fournier na Faransa ya tsara, kuma da shi aka auna ƙwayoyin haske biyu-biyu da suka taimaka wajen sanar da gano ƙwayar Higgs ranar 4 ga Yulin 2012.

Carlo Rubbia ɗan Italiya ya hango abin da ya fi haka. A 1977 ya ba da shawarar a cika babban tanki da ruwan argon, a ja ilektron ɗin tafiyar mita guda ko fiye zuwa jerin wayoyi a gefe. Wayoyin za su faɗi inda ilektron ya sauka, lokacin isowarsa kuma ya faɗi nisan da ya taso, a samu hoton sawun ƙwaya ta fuska uku. Herbert Chen na Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine shi ma yana kan wannan tunani a daidai lokacin. A nan haske ya fara samun ɗan muƙami: shi ne agogo, domin yana isowa nan take ya nuna lokacin da aka fara ƙirga tafiyar ilektron.

Abin da ya ci shekaru shi ne tsabta. Oksijin yana kama ilektron, kuma ɗan kaɗan ya isa ya cinye cajin kafin ya kai waya. Sai da aka koyi wanke tanki, da gasa ƙarfe don ya saki iskar da ya sha, da zagaya ruwan ta cikin matatai dare da rana. Na'urar ICARUS, wadda ta fito daga shawarar Rubbia, ba ta fara aiki a ɗakin binciken Gran Sasso ba sai 2010, shekara 33 bayan takardar farko. Tana ɗauke da tan 760 na argon a ƙarƙashin dutse mai kaurin mita 1,400, tana kama ƙwayoyin nutirino da aka harbo daga CERN, tafiyar kilomita 730 ta cikin ƙasa. A ƙarshen aikinta a can, dattin ruwan bai wuce kimanin kashi 20 cikin tiriliyan ba. A 2017 aka ɗora ta a jirgin ruwa da manyan motoci zuwa Fermilab kusa da Chicago, inda ta ci gaba da aiki.

Dabarar Mosko

Hanyar da ta haɗa haske da caji ta fito ne tun 1970 daga Cibiyar Injiniyancin Fiziks ta Mosko. Boris Dolgoshein da Vadim Lebedenko da Boris Rodionov suka bar ɗan fili na iska a saman ruwan argon, suka nuna cewa jan lantarki mai ƙarfi zai iya tsamo ilektron daga ruwa ya cilla shi cikin iskar. Amfanin haka babba ne. A cikin iska ilektron yana samun sararin gudu, yana bangazar zarra ɗaya bayan ɗaya, kowace ta saki haske. Ilektron guda, wanda babu wayar da za ta ji shi, sai ya haifar da ɗaruruwan ƙwayoyin haske. An mayar da caji haske ke nan, ido ɗaya na lantarki zai ga duka biyun.

Shekaru kusan talatin dabarar tana jiran wanda zai buƙace ta sosai. Masu buƙatar suka fito daga ilimin taurari. Tun 1933 Fritz Zwicky ya lura cewa tarin taurari suna yawo da saurin da nauyin abin da ake gani ba zai iya riƙe su ba, Vera Rubin kuma ta ƙarfafa hujjar a shekarun 1970. Akwai wani ɓoyayyen abu da ya ninka duk abin da ake gani nauyi kusan sau biyar. A 1985 Mark Goodman da Edward Witten suka nuna cewa in ƙwayoyi ne masu nauyi, to jefi-jefi ɗaya za ta bugi cibiyar wata zarra a doron ƙasa, ta ture ta kaɗan. Matsalar ita ce duwatsu da ƙarafa, har da jikin masu aikin, duk suna fitar da tururi na ɗabi'a wanda ya fi wannan bugu yawa nesa ba kusa ba.

A nan ne rabon haske da caji ya zama makami. Tururin yau da kullum yawanci ilektron yake bugu, wannan kuma yakan bar dogon sawu mai sarari. Cibiyar zarra in an ture ta sawunta gajere ne, cunkushe, kuma cajin da ke tsira daga gare shi kaɗan ne idan aka kwatanta da haskensa. Na'urar tana ganin walƙiya biyu: ta farko ƙarama daga cikin ruwa, ta biyu babba daga iskar sama bayan ilektron sun iso. Girman ta biyu a kan ta farko yana ware fiye da 99 cikin ɗari na bugun da ba a so. Tazarar lokacin da ke tsakaninsu tana faɗin zurfin wurin, inda hasken ya fi ƙarfi a rufi kuma yana faɗin gefen. Da yake zenon mai nauyi ne, na bakin tanki yana tare tururin waje, sai a yi aiki da na tsakiya kaɗai.

Turawan Ingila suka gwada a mahaƙar Boulby, mita 1,100 a ƙarƙashin ƙasa, da jerin na'urorin ZEPLIN. Lebedenko da kansa ya koma Landan ya yi aikin tsara ta ukunsu, ya rasu a 2008 ana gab da fitar da sakamakonta. A Gran Sasso, Elena Aprile ta Jami'ar Columbia ta jagoranci XENON10 mai kilo 15, wadda sakamakonta na 2007 ya sha gaban na'urorin da suka riga ta. Daga nan aka shiga tsere. LUX mai kilo 370 ta zauna a tsohuwar mahaƙar zinariya ta Homestake a jihar Dakota ta Kudu, a kogon da Ray Davis ya fara kama nutirinon rana. XENON1T ta kai tan 3.2, LZ tan 10, PandaX ta Sin kuma tana ƙarƙashin dutsen Jinping mai kaurin mita 2,400.

A gefe guda, a 2003, wani rukuni a Jami'ar Stanford ya auna haske da caji a kan kowane bugu ɗaya-ɗaya a ruwan zenon. Ko da makamashin iri ɗaya ne, cajin yakan hau ya sauka, hasken ma haka, amma duk sa'ad da ɗaya ya hau ɗayan sauka yake yi. Da aka tara su sai rawar ta ragu ƙwarai, ma'auni ya yi kaifi. Daga bisani na'urar zenon ta EXO-200, a wani ramin gishiri a New Mexico, ta ga wani irin ruɓewar zenon-136 a 2011 wanda ba a taɓa gani ba.

Argon yana da tasa hanyar. Tazarar nan tsakanin tagwaye masu sauri da masu jinkiri, wadda Japanawa suka auna, ita ta zama abin dogaro: bugun cibiyar zarra yakan saki kimanin kashi 70 cikin ɗari na haskensa nan take, bugun ilektron kuma kimanin 30 kawai. DEAP-3600 a mahaƙar Sudbury ta Kanada da wannan kaɗai take aiki, ba ta tara caji. Sai dai argon na iska yana ɗauke da argon-39, wanda ke ruɓewa kusan sau ɗaya a daƙiƙa a kowane kilo. Masu aikin DarkSide suka je rijiyoyin iskar gas na Cortez a Colorado suka tato argon ɗin da ya daɗe a binne, wanda tururinsa ya ragu sau 1,400. Zenon kuma sai an tace shi daga kiripton-85, wanda masana'antun sarrafa makamashin nukiliya suka watsa a iskar duniya.

Abin da aka kama

Har yanzu ba a kama ɓoyayyen abin ba. Abin da aka samu shi ne iyaka: kowace sabuwar na'ura tana rage wuraren da zai iya ɓuya. A hanya kuma an tsinci wasu abubuwa. A 2019 XENON1T ta ga ruɓewar zenon-124, inda cibiyar zarra ke haɗiye ilektron biyu lokaci guda, abin da kafin rabin zarrar su yi shi sai an shafe shekarun da suka ninka shekarun sammai da ƙasa kusan sau tiriliyan. A 2020 na'urar ta ga wasu ƙarin bugu da suka tayar da ƙura a tsakanin masana, amma magajiyarta XENONnT, wadda ta fi ta tsabta, ba ta gan su ba a 2022, zargi ya fi karkata ga ɗan ɓurɓushin tiritiyom.

A 2024 PandaX da XENONnT kowacce ta ba da rahoton alamun farko na nutirinon rana suna ture cibiyar zarrar zenon. Nasara ce, kuma damuwa ce, domin babu dutsen da ke tare nutirino, sannan rabon haske da cajin da suke bari iri ɗaya ne da wanda ake jira daga ɓoyayyen abu mara nauyi sosai. Dabarar da ta raba hatsi da tsakuwa shekara ashirin ba ta raba waɗannan biyu.

Duk da haka ana ƙara girma. A Dakota ta Kudu an haƙa koguna don aikin DUNE, inda kowane tanki zai ɗauki tan 17,000 na ruwan argon ya tari nutirino daga Fermilab, nisan kilomita 1,300. Rukunonin XENON da LZ kuma sun haɗa kai don gina na'ura ɗaya mai zenon tan 60 ko fiye. Argon ba shi da tsada, amma zenon ana samun sa ne a matsayin rara daga manyan masana'antun tace oksijin, galibi na kusa da kamfanonin ƙarfe, kuma abin da duniya ke fitarwa a shekara bai yi wa wannan adadi nisa ba. Masu ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta da masu harba tauraron ɗan'adam su ma suna layi a kasuwar, don haka masu shirin sun ƙiyasta cewa sayen zenon ɗin kaɗai zai ɗauke su shekaru.